Butar da Glenys Ta Bar Mini

Wata takwas ke nan da muka binne Glenys Purdie, amma har yau in ƙofar baya ta yi ƙara sai in ɗaga kai, ina jiran ta shigo da mitarta. Ba ta taɓa shigo mini ta ƙofar gaba ba, kuma ban taɓa ganin ta zauna ta shanye shayi ba. Ina miƙa mata kofi za ta wuce da shi wajen famfon da ke ɗiga ko murfin kabad da ya karkace, kafin shayin ya huce ta zaro sukudireba daga aljihun rigar sanyinta. In na ce, "Glen, zauna mana," sai ta ce, "Na zauna jiya."

Ni ba marubuciya ba ce, daga aji uku na sakandare na bar makaranta. 'Yar Glenys, Rhona, ce ta roƙe ni in rubuta wani abu da jikoki za su karanta in sun girma. Na yarda, don akwai abin da na yi wa Glenys wanda gara su ji shi daga bakina.

A masaƙar ulu ta nan Oamaru muka haɗu, ina da shekara goma sha shida, tana da goma sha tara. Ni a tsaye gaban injin saƙa, ita a kwance ƙarƙashinsa. Ita kaɗai ce mace cikin masu gyara, kuma da kunne take aiki. Injuna arba'in suna ruri lokaci guda, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, amma sai ta zo wucewa ta dafa kafaɗata ta ce, "Ngaire, na bakwai zai tsaya kafin cin rana." Kuma sai ya tsaya. Shekara talatin da ɗaya muka yi a haka. Ta riƙe mini hannu ranar da na haihu, na riƙe nata ranar da aka binne mijinta Colin. Da aka sallame mu daga aiki ni na koma ɗinki a gida. Ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta. Sau uku ta kwance agogon bangonta a wata guda, alhali lafiyarsa ƙalau.

A wannan tsakanin ne garinmu ya kamu da steampunk. Mutanen da na sani tun suna yara, direban motar madara, matar kantin magani, suka fara yawo a tsohon layin farin dutse na bakin tashar jirgin ruwa, da dogayen huluna, da tabarau irin na masu walda, da bindigogin tagulla da ba sa harba komai. Kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa, wannan Kyaftin, waccan Gimbiya. Ni ta hanyar allura na shiga, don ni ke ɗinka musu dogayen rigunan. Glenys ta raka ni wani taro ne kawai ta riƙe mini kaya, sai ta ga wani ƙaton kifi na ƙarfe da muƙamuƙinsa ya maƙale, ta durƙusa ta gyara shi. Daga ranar ba ta sake fashin taro ba. Suna dai ta ƙi ɗauka. "Glenys ya ishe ni," in ji ta. "Da ƙyar ma nake amsa shi."

Abin da ya hana ta sakat shi ne gam. Yawancin mutanenmu sukan sayo 'yan haƙoran agogo a leda, ƙarafan nan masu juyawa na cikinsa, su manna a hula ko a jaka, su fesa fenti ruwan tagulla. In Glenys ta gani sai ta kai yatsa ta taɓa ta ce, "Wannan me yake juyawa?" In aka ce ai ado ne, sai ta ce, "To, Allah ya ba shi aikin yi."

Babban abokin faɗanta Alistair Dunlop ne, tsohon malamin tarihi, wanda muke kira Farfesa. Shi ne shugaban kwamitin bikin da muke yi kowane farkon Yuni, da sanyi ya kankama, don a ƙasarmu Yuni lokacin hunturu ne. Wata shekara kwamiti ya ce baƙi sun dame mu da tambayar mene ne steampunk ɗin nan, a rubuta amsa a allo a kafa a ƙofar zaure. Zama uku aka yi a kan jimla ɗaya. A na ukun Farfesa ya miƙe da takardarsa ya karanta: "Steampunk shi ne gobe, yadda mutanen zamanin injin tururi suka yi mafarkinta."

"Ya yi daɗi a kunne," in ji Glenys daga bayan ɗaki, inda take ɗaure ƙafar wata kujera. "Amma kakata ta yi zamanin tururin nan, Farfesa. Ba mafarki take yi ba, wanki take yi."

"To ke faɗa mana, tunda ke kika san komai."

"Abin da in ya lalace za ka buɗe shi, ka ga abin da ke damunsa, ka gyara da hannunka. Wayar da ke aljihunka in ta mutu me za ka yi mata, addu'a? Shi ya sa mutane suka koma son tagulla da tururi, sun gaji da akwatunan da ba sa buɗuwa. Amma ku sai ku ɗauko abin da aka yi don ya juya ku manne shi da gam."

"Wannan garejin kanikawa kike faɗa, Glenys. Ina wasan? Ina labarin? Mutane suna zuwa ne su zama wani daban na kwana uku."

"Su zama mana. Ni dai hular da ba ta aikin komai ba zan sa ba."

"Hula aikinta zama a ka."

"Taka kam ta samu fili."

Aka ɗaga hannu, jimlar Farfesa ta ci. Ni ma ita na zaɓa, don ta fi gajarta, kuma gaskiya ina son rigunan da nake ɗinkawa ko da ba sa juya komai. Glenys ba ta yi fushi ba. Ta ce a filin tsere za ta ba shi amsa.

Tseren butar shayi take nufi. Kowa yakan ɗora buta a kan 'yar mota, ya bi da ita hanyar da aka shata a tsakiyar zaure: ta kewaya kofuna, ta hau wani katako mai tudu, ta sauko, ta tsallaka layi, cikin minti uku. Alƙalai uku ne, Farfesa a tsakiya, kuma al'ada ce a ba su cin hanci a bainar jama'a, biskit ko waƙa ko yabo. Wanda bai bayar ba ma rage masa maki ake yi. Kowa motar wasan yara mai batir yake saye ya lulluɓe ta da fenti. Glenys ta ce tata da tururi za ta yi tafiya.

Butar ta kakarta ce, ta tagulla, da lotsawa a gefe, sai ta sa mata sunan kakar, Agnes. Cikin butar ya zama tukunyar tururi, 'yar fitilar sifirit a ƙasa, ɗan fistin da ta goge da hannunta, wato sandar da tururi ke turawa, yana tura ƙafafun baya. Linzami kuwa doguwar wayar birkin keke ce, mai tuƙi yana biye a baya kamar mai kora tunkiya. Farfesa ya ce doka ba ta san da wannan ba. Glenys ta ajiye masa farantin naɗin burodi da cuku, da zafinsa. Nan take doka ta sani.

Shekara huɗu Agnes tana shiga, ba ta taɓa kaiwa layi ba. Shekarar farko ta tafasa ta kwarara wa wani alƙali ruwan zafi a takalmi. Ta biyu ƙafa ɗaya ta fice ta shige ƙarƙashin kujeru. Ta uku da ta huɗu ta kewaye kofuna tsaf, ta kama katako, ta kai rabi, sai ta dawo da baya a hankali kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta. Jama'a sun fi son ta da masu cin kofi. Glenys ba ta son irin wannan soyayyar. "Dariya suke yi," in ji ta. "Ni so nake ta hau." Ko ina muka je maganar ke nan, a kanti, a ƙofar coci, a bakin teku. Sai ta tsaya cak a tsakiyar hira ta ce, "Ko bututun ne ya yi faɗi?" ta juya ta tafi, ta bar ni da kayan cefanenta.

A Fabrairun bara likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Kafin Mayu hannunta ya fara rawa, sifana tana suɓuce mata. Rhona ta kawo mata kujera mai taya daga Christchurch. Ganin Glenys a zaune shi ya fi komai karya mini zuciya. Ƙafarta dai ba ta daina motsi a kan matakin kujerar ba. Ta ce wannan karon ni zan tuƙa Agnes, ta yi mata gyaran ƙarshe tun Maris, ƙarfin gwadawa ne ba ta da shi.

Na gwada ta ni kaɗai a ɗakin aikinta na bayan gida, a kan katako irin na tsere. Sau tara, kuma sau tara tana dawowa da baya. Na zauna a ƙasa na yi kukana, sannan na ɗauke ta na kai wa Farfesa.

Ba zan ɗora masa laifi ba, ni na fara furtawa. Na ce, "Alistair, wannan ne Yuninta na ƙarshe." Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce akwai ɗan injin batir na wata tsohuwar motar wasa a gidansa, zai shiga ƙarƙashin Agnes ba wanda zai gani. Fitila za ta ci, ruwa zai tafasa, tururi zai fito ta baki, amma za mu raba fistin da ƙafafu, batir ya yi turin. A teburin kicin ɗinsa muka yi aikin. Da muka zo kafa injin babu wurin ɗaura noti, sai ya ja aljihun tebur ya ɗauko gam. Muka kalli juna. Ni na riƙe, shi ya matsa.

Ranar tsere Glenys tana layin gaba da bargo a gwiwa. Na kunna fitila, na jira tururi, na danna ɗan maɓallin da muka ɓoye. Agnes ta kewaye kofuna, ta kama katako, ta haye kamar ba ita ba, ta sauko ta tsallaka layi. Zaure ya ɗauki ihu, huluna a sama, wata Gimbiya tana kuka a kafaɗar wani Kyaftin. Na juya wajen Glenys da murmushin da na tanada.

Ba Agnes take kallo ba. Idonta a rufe, kanta a karkace, yadda take yi a masaƙa. Wannan ne ban lissafa ba, ni da na tsaya kusa da ita shekara talatin da ɗaya.

Ta bari aka gama tafi, ta karɓi kofin nasara, ta yi wa kowa godiya. Sai da muka isa gida ta sa na tura ta har ɗakin aiki, sannan ta ce, "Kifa ta."

"Glen, kin gaji, bari sai gobe."

"Kifa ta, Ngaire."

Na kifa. Ta kai yatsa ta taɓa dunƙulen gam ɗin.

"In Agnes tana aiki cewa take ca-ca-ca," in ji ta. "Yau ba ta ce komai ba. Tun kofi na farko na san wani ne ke tura ta."

"So nake ki ga ta hau."

"Na sani, 'yar uwa." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Amma ba ta hau ba. Ɗaukar ta aka yi, yadda kuke ɗaukata zuwa banɗaki. Kowa ya fara yi mini haka, likita, Rhona, maƙwabta. A lulluɓe abin a fesa masa fenti. Ke kaɗai na ɗauka za ki zo ki ce mini, Glen, ta ƙi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce yafiya ba ta da wuya, ta yafe, amma in mayar wa Farfesa kofinsa da injinsa, kuma gobe ƙarfe tara in zo da tsofaffin kaya a jiki.

Na ce ni fa tela ce. Ta ce, "Keken ɗinkinki wa ke gyara miki?"

"Ke."

"To daga baɗi ba ni ba ce."

Daga Yuni zuwa Satumba kowace safiya muna ɗakin nan, ita a kujera, ni da sifana. Ta sa na kwance Agnes kaf, na jera notuna a tire, na haɗa, na sake kwancewa. Ta hana ni kallo. In kunna, in rufe ido, in faɗa mata abin da na ji. Makonni ina cewa ban ji komai ba sai tafasa, tana cewa, "Kunnen nan naki don rataya 'yan kunne kawai aka yi shi?" A wata ukun nan ta zage ni fiye da abin da ta yi a shekara hamsin, kuma ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. A waɗannan safiyoyin ne kaɗai ƙafarta take tsayawa.

Wata safiya a ƙarshen Agusta na ji shi. Wani siririn huci, yana zuwa ne kawai in Agnes ta ɗaga hanci a kan katako. Na faɗa mata. Ta ce, "Sake." Muka sake, na nuna mata wurin da yatsa. Sai ta ce, "Kai. Shekara biyu ina zargin bututu." Ashe ɗan zoben fata ne da ke toshe bakin fistin. In zafi ya yi yawa sai ya bushe ya ƙanƙance, tururi ya zurare daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Siririn sauti irin wannan ta daɗe da daina ji, masaƙa ta cinye mata, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta sa na yanko sabon zobe daga tsohon takalmin Colin, na jiƙa shi a narkakken kitsen rago.

Kafin mu gwada sabon zoben, Glenys ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Aka kawo mata tukunyar iskar numfashi, nas ta ce kada a kusanto da wuta ɗakin. Sai na jawo katakon waje, ƙarƙashin tagarta, Rhona ta buɗe tagar. Na kunna. Agnes ta ɗauka, ca-ca-ca, ta wuce rabi, ta wuce inda ba ta taɓa kaiwa ba, saura kamar faɗin tafin hannu. Ta tsaya. Ta dawo da baya.

Na daɗe a tsaye a wurin. Ba ta gani daga gado. Na share hannu a riga na shiga, na ce, "Glen, ta ƙi."

Ta yi dariya har sai da Rhona ta gyara mata abin hanci. "Na ji," in ji ta. "Amma ta yi nisa, 'yar banza. Zoben ya yi siriri. Yanko mai kauri, ki yanko da yawa." Ta riƙe mini yatsa biyu, hannunta ba nauyi ko kaɗan. "Yanzu kin zama mutum."

Ranar tara ga Oktoba ta rasu, da hantsi.

Bana na shiga da Agnes. Kafin in kunna na kifa ta a gaban jama'a, na faɗi abin da na yi bara. Farfesa ya miƙe ya cire hula ya ce shi ne ya matsa gam ɗin. Na ajiye masa naɗin burodi da cuku, na ce cin hancina abu ɗaya nake so, kome ya faru kada a ɗauke ta daga fili. Ya ce doka ta ji.

Ta kewaye kofuna. Ta kama katako, ta kai rabi, ta dawo da baya. Mutane suka fara wannan dariyar tasu ta tausayi. Na rufe ido, na ji hucin. Na hure fitila, na durƙusa da doguwar rigata a tsakiyar zaure, na riƙe Agnes da tsumma don zafi, na kwance notuna huɗu, na ciro zoben, ya tsage. Shida na yanko, suna aljihuna cikin gwangwanin kitse. Noti ɗaya ya gangara, wata Gimbiya ta tare shi da takalmi ta miƙo mini. Na ɗaure, na kunna, muka jira ruwa ya sake tafasa. Mutum ɗari uku a zaure, ba abin da ake ji sai buta.

Ta hau. A hankali, tana ca-ca-ca kamar tsohuwa a matakala, ta ɗan tsaya a ƙoli har na ce shi ke nan, sai ta sunkuya ta sauko ta tsallaka layi. Minti goma sha huɗu. Ita ce ta ƙarshe, kuma haka Farfesa ya rubuta, bai rage ko daƙiƙa ba. Na so in juya layin gaba, na kasa.

Allon yana nan a ƙofar zaure da jimlar Farfesa, ba a canza ko harafi ba. Iskar teku ta ɓamɓare shi a watan jiya, ashe shi ma da gam aka manna. Ya kawo mini shi da kusoshin tagulla huɗu, na kafa. Muna kafawa muna musu, shi yana cewa mafarki, ni ina cewa abin da Glenys za ta ce, ko da yake har yanzu ina ganin kowannensu da rabin gaskiyarsa.

Agnes tana kan firij ɗina. Rabin takalmin Colin yana aljihun tebur. Makon jiya na je Christchurch wajen Rhona, ta zuba mini shayi ta ce, "Anti Ngaire, zauna mana." Amsar Glenys ta zo mini har baki, na haɗiye, don ba tawa ba ce. Na zauna. Amma injin wankinta yana wani ƙara ta baya in ya fara juyi, kuma rabin abin da take faɗa mini ban ji ba.